Makullin mota a gidanmu na Birmingham

Kwana huɗu da saukar iyalina a Birmingham, a watan Satumban 2022, uwargida ta ɗauki makullin mota daga inda nake rataye shi a bayan ƙofa. So take ta leƙa shagunan Coventry Road da ke unguwar Small Heath, inda na bi da su ranar da suka iso, ta sayo attaruhu da naman miya. Shekara 11 ta yi tana tuƙi a Kaduna, kuma ita ce mai kai yara makaranta duk tsawon shekara huɗun da na yi a nan ni kaɗai. Ba na shakkar hannunta ko kaɗan. Duk da haka sai da na sha gabanta a bakin ƙofa.

"Yi haƙuri, ba yau ba. Sunanki ba ya kan inshora."

Ta dube ni da mamaki. "Malam, ba motar ce ke da inshora ba? Ko ta ƙare ne?"

"Ba ta ƙare ba. Ni kaɗai ta sani, shi ya sa."

Duk wanda ya taso a gida haka zai tambaya. A can inshora takarda ce guda cikin takardun mota, ana sabunta ta shekara-shekara, a ajiye don ranar da ɗan sanda ko jami'in VIO zai tare ka. A lokacin naira 5,000 ake biya, kafin hukumar inshora ta Najeriya, NAICOM, ta mayar da ita 15,000 a Janairun 2023. Yawanci kuma takardar da kanta ta yarda duk wanda mai mota ya ba izini, in yana da lasisi, ya tuƙa. Shi ya sa makulli ke yawo daga hannun wa zuwa na ƙane zuwa na maƙwabci, babu mai tunanin komai. A Ingila kuwa inshora ta ƙulla mutum ne da mota. Dokar hanya ta 1988 ta haramta tuƙa motar da inshorarta ba ta rufe shi wannan mai tuƙin ba, ta kuma haramta wa mai mota ya ba irin wannan mutum makulli. In an kama, mafi sauƙin hukunci shi ne tarar fam 300 da makin laifi 6 a kan lasisi, kuma 'yan sanda na da ikon ɗauke motar nan take. In magana ta kai kotu, tarar ba ta da iyaka, ana ma iya hana mutum tuƙi. Mai motar da ya ba da aro shi ma maki ke jiransa.

Washegari na zauna in sa sunanta. Na fara ta shafin kamfanin a intanet, inda aka tanadi gurbin ƙara direba. Na cike suna da ranar haihuwa, sai na zo wurin irin lasisi na cije: akwai na Birtaniya, akwai na ƙasashen Turai, babu inda zan sa na Najeriya. Dole na buga waya. Na fi minti 20 ina jira kafin wata mata ta ɗauka, ta ce a sa wayar a sifika domin tana so ta ji amsoshin daga bakin mai lasisin.

Tambayoyin suna da yawa, kuma babu ta banza a cikinsu. Yaushe ta fara samun lasisi? Wace rana ta shigo ƙasar da niyyar zama? Mene ne aikinta? Tana da wata rashin lafiya da doka ta ce a sanar da hukumar lasisi ta DVLA, kamar farfaɗiya ko ciwon sukarin da ake yi wa allurar insulin? An taɓa kama ta da laifin tuƙi a shekara 5 da suka wuce? Ranar shigowar nan ita ce ginshiƙi, domin mai lasisin Najeriya wata 12 kacal aka ba shi ya yi tuƙi da shi daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na nan, saboda haka komai daɗewarka a kan sitiyari sai ka sake jarrabawa daga tushe.

Da aka zo tambayar haɗari muka kalli juna. A 2020 wani mai keke napep ya goge mata ƙofar baya a Kaduna, aka daidaita a bakin hanya, mai gyaran jikin mota ya buga ya fesa fenti, magana ta wuce. Babu kamfanin da ya ji, babu takardar da aka rubuta. Amma yadda matar ta karanto tambayar bai bar kafa ba: duk wani haɗari, ko laifin wane ne, ko an nemi diyya ko ba a nema ba. Na ɗaga wa uwargida gira alamar ya ya za mu yi, ita kuwa ba ta jira ni ba, ta faɗa. Matar ta rubuta, ta yi godiya, ta wuce gaba. Daga baya na karanta cewa dokar 2012 da ta shafi masu sayen inshora abin da ta ɗora mana ke nan: mu kula mu amsa abin da aka tambaya bisa gaskiya. In ka yi sakaci za a iya rage maka diyya, in kuwa da gangan ka ɓoye, kamfani na iya soke inshorar baki ɗaya ya riƙe kuɗinka.

Kuɗin ya ƙaru sosai, kusan rabin abin da na biya a farkon shekara, ga kuma ladan gyaran takarda da suke cirewa duk lokacin da ka canja wani abu a tsakiyar shekara. Shekara 11 ɗin da ta yi tana tuƙi ba su rage mana ko kwabo ba, a wurinsu baƙuwar hanya ce. Matar ta ce za a iya raba mana kuɗin wata-wata. Na tambaye ta ko jimillar ɗaya ce, ta ce a'a, akwai ruwa a kai, domin biyan wata-wata bashi ne. Muka ce mun gode, muka taɓa ɗan abin da muka ajiye muka biya gaba ɗaya. Na san 'yan'uwa da yawa da ba su lura da wannan ba sai da suka yi shekaru suna biya.

Sabuwar takardar shaida ta shigo ta imel kafin la'asar. Na buɗe na karanta layi-layi, sai na ga an juya sunanta, an sa sunan mahaifinta a matsayin nata. Na sake bugawa aka gyara. Wannan karatun ya zama mini ɗabi'a, domin shafin intanet na binciken inshorar motoci da kowa ke dubawa motar kawai yake nuna maka tana da inshora, ba ya faɗa maka wa aka yarda ya tuƙa. Takardar ce ke faɗa.

A Janairun 2023 ta samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu, irin wanda ake bi gida-gida daga safe zuwa yamma. Ranar da ta kai takardunta, sai ofishinsu ya dawo da takardar inshorar, wai ba ta ƙunshi amfani da mota don aiki ba. Ashe amfani ma hawa-hawa ne. Akwai na harkokin gida da ziyara, akwai wanda ya haɗa da zuwa wurin aiki guda ɗaya da dawowa, akwai kuma na mai yawo tsakanin wurare saboda aikinsa. Tamu ta tsaya a na biyu. Da ta fara zagayen nan a haka, ta yi karo tsakanin gidan wata tsohuwa da na wata, da kamfani ya ce bai san zance ba.

A wayar da na buga wa kamfanin don a gyara wannan ce wani saurayi ya yi mini tambayar da ban taɓa kawowa a raina ba: "To yanzu a cikinku wa zai fi tuƙa motar?" Ni bas nake shiga zuwa asibitin da nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, saboda wurin ajiye mota a can tsada ne da wahala. Motar sai ƙarshen mako nake taɓa ta. Ita kuwa kwana biyar za ta wuni a ciki. Ya ce to ita ce babbar direba, ni ne na biyu, ko da motar da inshorar duk da sunana suke. Na ɗan yi jim, domin na san kuɗi za su sake hawa, kuma sun hau. Amma amsar guda ɗaya ce, na ce a rubuta haka.

Wata 12 ɗin sun zo da sauri fiye da yadda muka zata. Ta nemi lasisin koyo a kan fam 34, ta ci jarrabawar rubutu ta fam 23 a zama ɗaya, inda ake son a amsa 43 daidai cikin tambayoyi 50, ga kuma sashen hango haɗari a bidiyo. Ta tuƙi ce, mai fam 62, ta ba mu wahala. Samun rana kaɗai sai da muka yi watanni, ranar kuma ta faɗi a wani babban shataletale saboda ta shiga layin da ba nata ba. Kafin a sake samun wata rana Satumban 2023 ya cika. Daga ranar matar da ta yi shekaru tana ratsa cunkoson Kawo ta koma 'yar koyo a idon doka: jan harafin L gaba da baya, ba ta fita sai ina gefenta. Ni ma don na cika sharaɗi ne, wato na haura shekara 21 kuma lasisina na nan ya kai shekara 3. Na buga wa kamfani na sanar da su, aka mayar da ni babban direba, aka rubuta ta a matsayin mai koyo. A wurin aiki aka haɗa ta da wata abokiyar aiki mai mota, awanninta suka ragu, albashi ya ragu. Watanni biyar ɗin nan sun yi mana nauyi, kuma na sha jin masu cewa ai babu mai tare mace da rigar aiki da sassafe. Ita ce ta ƙi. Ta ci jarrabawar a Fabrairun 2024, kuma daga harabar wurin jarrabawar muka buga waya aka sake gyara takarda kafin ta ja motar zuwa gida.

Na ɗauka mun gama, sai babban ɗanmu ya cika 17.

Lokacin koyonsa bai yi wuya ba. Akwai inshora ta daban da ake saya wa ɗan koyo a kan motar iyayensa, ta wata ɗaya ko uku, wadda in ya yi ɓarna ba ta taɓa rangwamen da na tara na shekarun da ban nemi diyya ba. Wannan rangwamen dukiya ce a nan, kuma mai inshora ne ke tara shi. Wanda aka ƙara sunansa galibi ba ya tara komai, amma in ya yi karo rangwamen mai inshora ne ke zubewa. Abin lura guda shi ne inshorar koyo tana mutuwa ne a daidai lokacin da mai jarrabawa ya ce ka ci. Ranar da yaron ya ci, a farkon 2025, ni na tuƙo mu gida yana gefe yana ta murna.

Ya samu gurbin koyon aikin lantarki a wajen gari, inda bas biyu zai shiga kafin ƙarfe bakwai na safe, saboda haka mota ta zama dole. Muka shiga shafukan kwatanta farashi da sunansa. Kuɗin inshorar shekara ɗaya ya fi kuɗin motar da muke son saye. Na canja mota, na canja wata, abin bai sauko yadda zan iya ba.

Wata Juma'a bayan an idar da salla na yi wa wani abokina kuka, mutumin kirki wanda ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai ma dai. Sayi motar da sunanka, ka yi inshorar da sunanka a matsayin babban direba, ka sa yaron a na biyu. Kowa haka yake yi." Na koma gida na gwada a shafin. Kuɗin ya faɗo ƙasa da rabi.

Mako guda na yi abin yana cina. Na riƙa gaya wa kaina ai ni ma zan riƙa taɓa motar, ai ba satar kowa na yi ba. Amma tambayar saurayin nan ta 2023 ta ƙi barina: wa zai fi tuƙa ta? Turawa suna kiran wannan dabara fronting, kuma a dokarsu zamba ce. Ba a gane ta ranar saye, sai ranar tsautsayi, lokacin da mai bincike zai tambayi me ya kai motar uba ƙofar wurin aikin ɗa da ƙarfe bakwai na safiyar Talata, wa ke zuba mata mai, ina take kwana. In suka gane, za su soke inshorar. Wanda aka ji wa rauni doka ta sa a biya shi, amma kamfani na iya juyowa ya bi ka kuɗin, kuma diyyar wanda ya nakasa a nan tana iya cinye gida da abin da ke cikinsa. Daga nan duk inda ka je neman inshora akwai tambayar ko an taɓa soke maka wata. Yaron kuma, dokar sababbin direbobi ta 1995 ta ce wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko an karɓe lasisinsa, sai ya koma jarrabawa.

Na kai wa uwargida maganar da dare. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, watanni biyar na yi ina bin motar mutane don kada mu yi ƙarya. Yanzu kuma yaron za mu zaunar mu koya masa abin da zai faɗa in an tambaye shi?" Ban sake buɗe wannan shafin ba.

Abin da muka yi shi ne muka nemi ƙaramar mota mai injin lita ɗaya. Motoci a nan an kasa su rukuni 1 zuwa 50 wajen inshora, muka tsaya a can ƙasa. Aka yi inshorar da sunansa, shi ne babban direba, aka liƙa wa motar 'yar na'urar da ke auna gudu da birki da lokacin fita. Sannan aka ƙara sunana da na mahaifiyarsa, tunda da gaske mukan ɗauke ta jefi-jefi, wannan ma ya rage wani abu ta halastacciyar hanya. Har yanzu da tsada, shi ya biya rabi daga albashinsa na koyo, ni na cika. Amma rangwamen da yake tarawa nasa ne. Na ƙara gano cewa izinin tuƙa motar wani da ke kan tawa takardar, wanda na daɗe ina taƙama da shi, ɓarnar da na yi wa wani kawai yake biya, kuma ni kaɗai ya shafa, ban da uwargida.

Duk wannan kuɗi ne da haƙuri. Wanda ya taɓa mini zuciya shi ne zuwan Yaya a Yulin 2025.

Yaya shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin makaranta, shi ya koya mini tuƙi a tsohuwar Fijo 504 ɗinsa a wani fili a Zariya. Ya fi shekara 40 a kan sitiyari. Tun saura mako uku ya taso na fara neman yadda zan sa shi. Kamfaninmu ya ce ba ya ƙara wanda ba mazaunin ƙasar ba. Masu inshorar kwanaki, da ake saye daga awa ɗaya zuwa kusan wata, na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda na buɗe sai in ga lasisin Birtaniya da na Turai da wasu 'yan ƙasashe, babu Najeriya. Na je wurin wani dillalin inshora, ya yi 'yan buge-bugen waya, ya girgiza kai. Na rasa yadda zan gaya wa Yaya a waya, na bar shi har ya iso.

Kwana uku da zuwansa, bayan sallar asuba, ya ce, "Ba ni makullin nan in zaga gari, zaman ɗaki ya ishe ni."

Na durƙusa kusa da kujerarsa. "Yaya, ka gafarce ni. Na nema, ban samu inshorar da za ta rufe ka ba."

"Ga lasisina na gida, ga na ƙasa da ƙasa da na yi musamman saboda tafiyar nan."

"Lasisinka yana aiki, Yaya, baƙo na da wata 12. Inshorar ce matsala."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni za ka hana mota." Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar bai ci abincin kirki ba. Babban wa magajin uba, ga shi a gidana karo na farko, abu na farko da ya roƙa na ce a'a.

Da daddare na ɗauko takardar shaidar na zauna gabansa. Na nuna masa sunaye biyun da ke kai, na ba shi labarin watanni biyar na uwargida da na motar yaron, ban rage komai ba har da makon da na yi ina saƙa da warwara. Maganar tara da maki ba ta dame shi ba. Da na zo kan cewa in tsautsayi ya gitta aka buge ɗan wani, ni da shi za mu tsaya gaban iyayen yaron babu abin da ke bayanmu, sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya tambaya ko akwai wata hanya ta gaskiya.

Akwai, kuma uwargida ce ta tuna da ita: motar haya. Kamfanonin haya suna da tasu inshorar, kuma da yawansu suna karɓar lasisin waje in da Turanci aka rubuta shi, tare da fasfo. Ranar Juma'a muka je reshen wani kamfani a filin jirgin Birmingham. Na yi hayar kwana uku da katina, aka ƙara Yaya a matsayin direba na biyu a kan wani kuɗi na kowace rana. Sai da ya tsaya da kansa gaban kanta, aka duba lasisinsa da fasfonsa, aka buga sunansa a takardar, ya sa hannu.

Ya fara zagaya harabar sau biyu don hannunsa ya saba da sitiyarin dama. Da muka hau titi na ce ya riƙa tuna hagu ake bi. Ya ce ai yana ɗan shekara tara lokacin da Najeriya ta bar hagu ta koma dama a Afrilun 1972, zamanin Gowon, yana tuna yadda direbobin Zariya suka yi ta rarrafe da motoci a makon farko. Ranar Asabar shi ya ja mu a babbar hanyar M6 har Manchester, gidan wani ɗan unguwarmu da suka yi shekara 20 ba su haɗu ba, yara a baya, ni a gefensa kamar yadda muke zama a Fijo. Ko sau ɗaya bai haura mil 70 ba.

Ranar Litinin da safe muka mayar da motar. Shi ya miƙa makullin da hannunsa, ya karɓi kwafin takardar hayar mai ɗauke da sunansa, ya ninke ta biyu ya sa a cikin fasfo. Da ita ya koma Zariya.